Yaya Mai Rediyo da Akwatin Mura

Daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma, da mai gyara da abin da ake kawowa gyara. Yaya Mai Rediyo ya rasu ranar Laraba da hantsi a gidansa na Funtua, bayan ciwon ƙirji da ya kama shi tun ɗaukewar ruwa. Kafin la'asar mun rufe shi, mun dawo mun shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida.

Jama'a ta zo. Idan na ce rabin Funtua ya zo za a ce na fara halina, to bari in ce ɗaya rabin ne ya tsaya gadin gari. Liman ya ce mamacin mutum ne da ba a taɓa ganinsa ya tsaya wurin kiɗa ba, aka ce haka ne, Allah Ya jiƙansa. Ni na sunkuyar da kai ina kallon zanen tabarma. Wani manomi daga Bakori ya iso da rediyo a hammata, bai ji labari ba, gyara ya kawo. Da aka gaya masa sai ya zauna, ya ajiye rediyon a gabansa, ya dafa ta kamar kan maraya har magariba. A cikin gida kuwa matan soja ne suka fi kowa kuka, har matar Yaya ta koma ita ce mai ba su haƙuri.

Amma duk wanda ya zauna sai ya saci kallon hanyar Malumfashi. Kowa ya san Yaya yana da ƙane guda, uwa ɗaya uba ɗaya, a wani ƙauyen Maguzawa bayan Malumfashi, kuma kowa ya san sun haura shekara talatin ɗayansu bai yi wa ɗan'uwansa magana ba. Na aika masa tun kafin a gama wankan gawa. Bai zo jana'iza ba. Aka yi sadakar uku, bai zo ba. Wani dattijo ya ce a hankali, "Su ai ba su san ta'aziyya ba." Na kau da kai na ci gaba da gyara tabarma. Ni da ko a makabarta nakan sa mutum ya ɓoye murmushi a hannun riga.

Ni direban lori ne, auduga nake ɗauka daga kasuwannin Malumfashi zuwa injin gurza na Funtua. Uwata ita ce autar ɗakin su mahaifin Yaya, ta musulunta da aka kawo ta aure Bakori. Saboda haka ni taubashinsu ne su biyun, kuma taubashi yana da lasin faɗin abin da ya ga dama. Yaya ya kusa haihuwata, amma ban taɓa gaishe shi da ladabi ba. In na shiga shago sai in ce, "Bawa, ubangidanka ya zo." Shi kuma ba ya ko ɗago kai. "Share ƙafarka, direba. Ka kwaso mana ƙurar lardi guda."

Aikin waya ya fara koya a tashar jirgin ƙasa, daga nan ya koma gyaran rediyo. Bai ɗauki rediyo a matsayin kaya ba, majinyaciya ce. Sai ya kara kunne a jikinta, ya rufe ido, ya ce, "Wannan mura ce." Ko ya ce, "Wannan shaƙewa ce, an ba ta batir ɗin da ba nata ba." Batir kuwa da harshe yake gwada shi. Na sha gaya wa mutane cewa harshen Yaya ya sha wuta har in ya yi atishawa fitilun tasha sukan yi ƙifce. Abin da ya tsana a duniya shi ne murya mai gargada. Yakan ce, "Murya amana ce. Yadda ta fito daga bakin mai ita, haka za ta isa kunnen mai ji. Duk abin da ya ƙaru a hanya ƙazanta ne." Kuma ba ya zubar da komai. Yana da gwangwanaye jere a kan katako, cike da matattun ƙusoshi da guntayen waya, wai ko gawa ce wata rana za ta yi amfani.

Da aka shiga yaƙin basasar nan, aka kwashi samari, matansu suka dogara da rediyo don jin gaisuwar da soja ke aikowa. In matar soja ta kawo rediyo, Yaya yakan ture ta alhaji, ya ture ta ɗan kasuwa, ya fara da tata. Wani attajiri ya taɓa yin ƙorafi, Yaya ya ce, "Alhaji, kai waƙa za ka ji. Ita so take ta san ko tana da miji." Kukan da suka yi a cikin gida ke nan.

Asalin faɗansa da ƙanensa kuwa, garaya ce. Mahaifinsu maharbi ne kuma makaɗin garaya, a kan addinin kakanni ya rayu, a kansa ya mutu. A ƙarshen wuyan garayarsa akwai ceba, wato ɗan fallen ƙarfen nan mai zobba da ke karkarwa in an kaɗa tsirkiya, ya sa sautin ya yi gurnani. Yaya ya musulunta yana saurayi, ya koma gari. Da tsohon ya mutu Yaya ya je, ya tarar da ƙanensa yana kaɗa garayar a kan gawa kamar yadda ake yi wa maharba. Zafin sabon shiga yana kansa. Ya ratsa taro, ya fizge cebar, ya ce wannan gurnanin na iskoki ba za a yi shi a kan ubansa ba. Ya sa ta a aljihu ya tafi. Ƙanen ya rantse ba zai ɗaura wa garayar wata ceba ba sai tata, kuma ba zai ƙara yi wa wansa magana ba. Jininsu ɗaya, taurin kansu ɗaya. Na sha cewa in aka haɗa kawunansu biyu za a iya fasa dutsen Funtua a yi titi.

Haka Yayan ƙauye, don haka nake kiransa, ya ci gaba da kaɗa garaya tsirara, ba gurnani. Da tsufa ya zo, kunnensa ya toshe, har ya daina jin abin da yatsunsa ke yi. Ya rataye ta.

Bara waccan, da kaka, wasu 'yan kiɗan otal suka sauka Funtua daga kudu. A cikinsu akwai wani dogon saurayi mai jita ta lantarki, yana da wani ɗan akwatin ƙarfe da ya ce a hannun wani ma'aikacin jirgin ruwa ya samo shi a Ikko. Waya ta fito daga jita ta shiga akwatin, wata ta fita daga akwatin ta shiga lasifika. A samansa akwai makunni da ake takawa da ƙafa, da 'yan maballai biyu na murɗawa. Akwatin ya daina aiki, aka ce masa duk garin ba mai iya taɓa shi sai Yaya. Hausarsa ba ta wuce ta sayen tsire ba, ni kuma ina da ɗan Turancin hanya, sai na zama tafinta.

Na ce, "Bawa, ya ce abin nan ya lalace."

Yaya ya ce, "Me yake yi in yana da lafiya?"

Na tambaya, saurayin ya buɗe hannuwa, ya kumbura kumatu. Na ce, "Ya ce ƙara murya yake yi."

Saurayin ya bar wa Yaya akwatin da jitar, ya ce zai dawo ran kasuwa.

Ciwon ba wani babba ba ne, waya ce guda ta tsinke, Yaya ya liƙe ta da dalma kafin shayinsa ya huce. Ya jona, ya taka, ya taɓa tsirkiya. Abin da ya fito daga lasifikar nan, jama'a, kamar an shaƙe jaki a cikin garwa. Ina wurin. Yaya ya ja da baya, ya ce, "Subhanallahi. Wannan ai ba mura ba ce, tarin fuka ne. Yaron nan da wannan yake neman abinci?" Tausayi ya kama shi. Ya ajiye duk aikin da ke gabansa, ya duƙufa. Ya ciro wasu 'yan ƙwayoyi daga cikin akwatin, ya sa wasu, ya gwada, ya sake cirewa. Kwana da kwanaki yana fama, har sai da muryar jitar ta fito tas, da ƙarfinta, garau kamar ruwan rijiyar dutse. Ban taɓa ganin ya yi alfahari da aiki kamar wannan ba.

Ran kasuwa saurayin ya dawo. Ya rataya jita, ya gyara tsayuwa, ya taka. Sauti ya ƙaru, mai tsabta. Ya sake takawa. Ya murɗa maballi har ƙarshe. Tsabta dai. Sai ya ɗora hannu a ka.

Yaya ya ce, "Gaya masa ba sai ya gode ba."

Na ce, "Ba godiya yake yi ba. Ya ce ka kashe shi."

"Na warkar da shi dai."

"Ya ce gargadar nan ita ce aikin akwatin. Don ita aka ƙera shi. Ya ce a ƙasar Turawa samari layi suke yi su saya."

"Su sayi mura?"

"Ya ce maballi ɗaya na ƙarfi ne, ɗaya na murar. Ka bar masa ƙarfi, ka kashe murar."

Yaya ya cire tabarau. "Tambaye shi, in matarsa ta yi tari, kai ta asibiti yake yi ko tara mutane yake su saurara?"

Ban fassara wannan ba. Saurayin yana ta zuba, Yaya yana ta zuba, mutane sun cika ƙofar shago. Ni kuma dariya ta ci ƙarfina, na riƙe ciki na ce, "Kai Bawa, ba ka gane ba? Turawa ne suka gano ceba. Ceba ce ta lantarki."

Na yi zaton za a yi dariya. Mutane sun yi. Yaya bai yi ba. Ya tsaya da tabarau a hannu yana kallon akwatin, ya daɗe. Sannan ya ce, a hankali, "Gaya masa ya dawo gobe."

Da yake ba ya zubar da komai, 'yan ƙwayoyin suna nan cikin gwangwani. Ya mayar da kowace mazauninta. Washegari saurayin ya taka, jakin ya dawo cikin garwarsa, ya yi ta murna, ya kaɗa wani abu mai tsawo a tsakiyar shago. Yaya, mutumin da liman ya ce bai taɓa tsayawa wurin kiɗa ba, ya tsaya. Ya saurara har ƙarshe, idonsa a rufe kamar yadda yake yi wa majinyata.

Da kowa ya watse ya ce mini, "Na gane dabarar. Ƙwaya ta farko tana ɗura wa ta biyu abin da ya fi ƙarfin maƙogwaronta, sai ta shaƙe. Da gangan. Kamar mutumin da ya yi ta kira ba a amsa ba." Ya sauko da wani gwangwani daga can ƙarshen katako, ya zazzage. A ƙarƙashin ƙusoshi ga cebar tsohon, ta yi tsatsa, zobbanta suna nan.

Na ce, "To ka mayar masa mana."

Ya ce, "Kurma ne, me zai ji? Kuma in na mayar da ita sai na yi magana." Ya mayar da ita gwangwani. "Direba, makunnin nan na fitilar lori da kuke takawa da ƙafa, kana da tsoho?"

Nasa akwatin da gwangwanin sigari ya yi shi. Makunnin lorina a sama, maballai biyu, ya sa musu suna Ƙarfi da Mura. Ya sha wahala, don tsirkiyar garaya ba ƙarfe ba ce kamar ta jita, abin da ke ɗaukar sautin jita ba ya jin ta. Daga ƙarshe kan allurar garmaho ya samo, wanda za a manna a fatar garayar, ya ɗauki rawar da take yi. Ya haɗa da wata tsohuwar rediyo mai batir a matsayin lasifika. Ran kasuwar auduga ya sa babbar riga, ya hau gaban lori ya zauna, bai ce mini ga inda za shi ba. Ni ma ban tambaya ba.

Mun tarar da Yayan ƙauye a gindin rumbu yana gyaran fartanya. Ya dubi wansa, ya dube ni. Yaya ya ce, "Direba, gaya masa ya ɗauko garayar."

Na matsa kusa da kunnen Yayan ƙauye na kwarara ihu. Ya ce, "Gaya masa babu sauran abin cirewa a jikinta."

Ga su nan, tsakaninsu bai fi tsawon tabarya ba, ni a tsakiya ina tafinta daga Hausa zuwa Hausa. Amma ya shiga ya ɗauko. Yaya ya durƙusa a ƙasa da babbar rigarsa, ya manna, ya jona, ya murɗa Ƙarfi. Yayan ƙauye ya taɓa tsirkiya, sai ya zabura, don ya ji. Rabonsa da jin garayar nan an yi damina da yawa. Ya sake taɓawa. Yaya ya ce, "Gaya masa ya taka."

Ya sa ƙafarsa mai faso a kan makunnin lorina, ya taka.

Awaki suka tsinke igiya. Kaji suka haye rumbu, wasu har yau ba su sauko ba. Wata tsohuwa ta fito da muciya tana neman abin da ya shigo gida. Wannan duk na sha ba da labarinsa a tasha, ina ƙara gishiri, ana dariya. Abin da ban taɓa bayarwa ba shi ne fuskar mutanen nan biyu. Ƙanen ya kaɗa taken ubansu, gurnanin yana fita, kansa a sunkuye. Yaya yana durƙushe yana riƙe da waya kamar za ta gudu. Da aka gama, Yayan ƙauye ya ce, "Gaya masa ba ita ba ce." Ya shafa wuyan garayar. "Amma ta yi kama."

Yaya ya tashi ya kakkaɓe riga. "Gaya masa batir ba ya daɗewa. Sai an riƙa canzawa."

Tun daga ranar, duk wata sai Yaya ya hau lorina da batir a aljihu, a lokacin da batir ke wuya saboda yaƙi. Ya lasa tsohon batir, ya yamutsa fuska, ya sa sabo. A kawo masa fura ya sha, don matar gidan ta ware masa ƙwaryarsa daban, wadda giya ba ta taɓa ba. Su zauna. "Gaya masa dawarsa ta yi kyau bana." "Gaya masa ya rame." "Gaya masa shi ma." Na ce musu wata rana, "Ku ji tsoron Allah, maƙogwarona ya kusa zama akwatin mura." Dukansu suka yi dariya, kowa yana kallon wani gefe. Na yi zaton lokaci ne kawai. Na ce wata rana zan makara in bar su su biyu, dole ɗaya ya buɗe baki. Lokacin ne bai jira ba.

Da ciwo ya kwantar da Yaya, muryarsa ta dushe, ƙirjinsa yana gurnani in ya ja numfashi. Na je duba shi, na ce, "Bawa, wa ya murɗa maka Mura har ƙarshe?" Ya yi murmushi, ya ce, "Wannan ba ni da ƙwayarta." Na ce in ɗauko masa ƙanensa. Ya ce a bari ya ɗan warware, kada ya gan shi haka. Watan nan ba a kai batir ba. Na baya ma ba a kai ba.

Ran sadakar bakwai, an gama addu'a, an raba waina, mutane sun fara naɗe tabarmi. Sai ga Yayan ƙauye ya ɓullo daga hanyar Malumfashi, da sanda, da buhu a kafaɗa, ƙafafunsa fari fat da ƙura. Ya ƙi hawa motar kowa. Kowa ya juyo yana kallonsa. Bai san abin da ake faɗa a irin wannan zama ba, bai kuma yi ƙoƙarin kwaikwaya ba. Liman, Allah Ya saka masa, ya matsa ya ba shi wuri a tabarmarsa. Ya ƙi, ya zauna a ƙasa a bakin tabarmar, yana fuskantar ƙofar shago da ke rufe. Ya kwance buhu, ya fito da gwangwanin sigari mai makunnin lori, ya ajiye a gabana.

Ya ce, "Direba."

Na ce, "Na'am, Yaya."

Ya ce, "Gaya masa batir ya mutu."

Na juya gefen damata, inda na saba juyawa. Ba kowa sai bango.

Ban san tsawon lokacin da muka yi a haka ba. Matar Yaya ce ta aiko a kira ni zaure. Ta miƙo mini wani ƙullin tsumma ta bayan labule, ta ce, "Ya ce in ƙanensa ya zo a ba shi. Ya ce in bai zo ba, kada a kai masa."

Na ce, "Bai ce a gaya masa komai ba?"

Ta ce, "Ya fara, tari ya sarƙe shi."

Na kawo na sa a hannunsa. Ya kwance. Ya daɗe yana shafa tsatsar da babban yatsa, yana taɓa zobban ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya ɗaga cebar ya kai kusa da kunnensa, ya girgiza. Ya koma ɗaya kunnen, ya girgiza. Ya dube ni.

"Tana kuka?"

Na matsa kusa da kunnensa na ce, "Tana yi."

Ya kaɗa kai. Ya ƙulle ta, ya sa a aljihun ƙirji.

Yanzu ni ke kai batir. Na koyi lasawa, harshena ya fara sabawa. Ya ɗaura cebar a wuyan garaya, mu muna jin ta, shi ba ya ji, shi sai ta gwangwanin yake ji. Ran da wata waya ta tsinke a cikinsa kuwa, duk ƙasar nan ba wanda ya san hanyar cikinsa, don wanda ya ƙera shi bai koya wa kowa ba. Shi ya sa na rubuta wannan, kada a tuna da Yaya a matsayin mutumin da bai taɓa tsayawa wurin kiɗa ba kawai. Ya tsaya, ya ma durƙusa.

Allah Ya jiƙan bawana, Ya yafe masa, Ya sa kabarinsa ya yi masa faɗi. Ya karɓi maganarsa yadda ta fito daga zuciyarsa, har da wadda tari ya hana shi ƙarasawa.